Addu'ar da Ta Wuce Ƙofar Gida

Nassi: Irmiya 29:4-7, Ayyukan Manzanni 4:23-31, 1 Timoti 2:1-4

Gabatarwa

A gidajen masu bi da yawa a Gauraka, sujadar iyali takan fara tun gari bai waye ba, domin maigida ko uwargida za su yi sammako su kama motar Abuja. Akan yi waƙa ɗaya, a karanta nassi, sa'an nan a durƙusa. Abin da akan roƙa sananne ne: kuɗin makarantar yara, kuɗin haya, lafiyar jiki da tsaro a hanya. Babu laifi cikin wannan, gama Ubangiji Yesu da kansa ya koya wa almajiransa su roƙi abincin yini. Amma akwai tambayar da ta dace kowane iyali su yi wa kansu: in da Allah zai amsa dukan addu'o'in gidan nan na wata guda, wane ne zai amfana ban da mutanen gidan?

Wahala takan ƙuntata addu'a, kuma wannan yanki ya ga wahala. Ranar 8 ga Afrilu, 2011, bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe a Suleja. Ranar Kirsimati ta wannan shekara aka kai hari a majami'ar Katolika ta St. Theresa a Madalla, inda fiye da mutum 35 suka rasa rayukansu. Daga baya kuma tsoron masu satar mutane ya rufe hanyar Abuja zuwa Kaduna, wadda Gauraka take bakinta. Wanda ya ga irin waɗannan abubuwa yakan ja 'ya'yansa jikinsa, ya ja addu'arsa kuma ta tsaya a kansu. Maganar Allah tana kiran masu bi su buɗe ta, har ta kai ga Ekklesiya, da gari, da duniya duka.

1. Addu'a domin Ekklesiya

Sa'ad da majalisar Yahudawa ta tsare Bitrus da Yahaya, ta ja musu kunne kada su ƙara yin magana da sunan Yesu, sai suka koma wurin 'yan'uwa, aka ɗaga murya gaba ɗaya ga Allah. Abin lura ne yadda addu'ar ta tafi. Sun fara da tuna cewa Allah ne ya halicci sama da ƙasa, wato ikon majalisa ƙarami ne a gabansa. Sa'an nan suka roƙe shi ya dubi barazanar da ake yi musu, ya ba su ƙarfin hali su ci gaba da wa'azi, ya kuma miƙa hannunsa ya warkar da mutane. Ko sau ɗaya ba su roƙi hallakar waɗanda suka tsoratar da su ba. Abin da ya fi damunsu shi ne kada bishara ta yi shiru.

Haka ya kamata a roƙa wa Ekklesiya a yau: aminci ga fastoci da dattawa, tsarki a tsakanin matasa, ƙarfi ga Zumuntar Mata, da biyan bukatar masu bishara da suke aiki a ƙauyuka inda baiko ba ya isa ciyar da iyali. A roƙi haɗin kai kuma, kamar yadda Ubangiji ya roƙa wa nasa a Yahaya sura 17. Wanda ya kai bam Madalla bai tambayi ɗarikar kowa ba. Saboda haka bai kyautu mai bi na ECWA ya manta da ɗan'uwansa na Katolika, ko Anglikan, ko Baptis a gaban kursiyin alheri ba. Jiki ɗaya ne, in gaɓa ɗaya ta ji ciwo, sauran ba za su yi barci ba.

2. Addu'a domin gari

Da yawa daga cikin mazaunan Gauraka baƙi ne. Aiki a Abuja da tsadar haya a can suka kawo su daga Filato, kudancin Kaduna, Binuwai, Adamawa da sauran wurare, suka zauna tare da Gbagyi, da Hausawa, da Fulani. Jikinsu yana nan, zuciyarsu kuwa tana ƙauye. Suna addu'a domin garin haihuwarsu kullum, amma unguwar da suke kwana a ciki ba ta taɓa shiga bakinsu ba.

Yahudawan da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila su ma haka suka ji, har ma fiye, gama su dole aka yi musu. Duk da haka Allah ya aika musu ta hannun annabi Irmiya cewa su gina gidaje, su dasa lambuna, su nemi lafiyar birnin, su kuma yi addu'a dominsa, domin lafiyarsu a ɗaure take da tasa. In an umarci bayi su yi wa garin da ya bautar da su addu'a, ina hujjar wanda ya zo da ƙafarsa, yana kuma cin abinci a wurin?

Gari ba na masu bi kaɗai ba ne. Ranar 18 ga Janairu, 2025, tankar mai ta kama wuta a mahaɗar Dikko, ba nisa da Suleja, mutum fiye da 80 suka mutu, yawancinsu sun je kwasar man da ya zube. Wutar ba ta raba Kirista da Musulmi ba, talaucin da ya tura su wurin ma bai raba ba. A watan Mayu na shekara ta 2025 ambaliya ta ci Mokwa, ta hallaka mutum fiye da 150. Iyalin da ya san Allah zai ambaci maƙwabcinsa Musulmi da suna, da mai unguwa, da direbobi, da ma'aikatan asibiti, da samarin da suka gama makaranta ba aiki. Da wuya mutum ya yi wa maƙwabcinsa addu'a da safe, da yamma kuma ya baza jita-jita a kansa.

3. Addu'a domin shugabanni da duniya

Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti a yi roƙo da godiya domin dukan mutane, musamman sarakuna da masu mulki, domin a sami zaman lafiya da natsuwa. Mulkin Roma da Bulus ya rayu a ƙarƙashinsa ba na masu tsoron Allah ba ne. Ashe umarnin bai dogara ga ko shugaban nagari ne, ko ɗan jam'iyyar mai addu'a ne ba. Shugaban ƙasa, da gwamna a Minna, da Sarkin Zazzau Suleja, da shugaban ƙaramar hukuma, duk suna da rabo cikin addu'ar gidan mai bi. Zagin shugaba a teburin mai shayi abu ne mai sauƙi, ɗaukarsa a kai shi gaban Allah kuwa aikin firist ne, Littafi Mai Tsarki kuma ya kira masu bi firistoci.

Duniya ma ba ta da nisa kamar yadda ake zato. Yaƙin da ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022 ya taɓa farashin alkama da takin zamani har a kasuwannin Nijeriya. Yaƙin Sudan da ya fara a Afrilu 2023 ya raba miliyoyin mutane da gidajensu, a ƙasar da Hausawa da yawa suka daɗe da zama. Yaron da ya ji iyayensa suna roƙo domin yaran Sudan da na Gaza zai girma da sanin cewa Allahn da ake bauta wa a gidansu Ubangijin dukan al'ummai ne.

4. Addu'a mafi wuya

Akwai addu'ar da ta yaɗu a zamanin nan, wadda ake kiran wuta da mutuwa a kan maƙiya. Tana da daɗi ga zuciyar da aka ɓata wa, amma Almasihu ya umarci nasa su ƙaunaci maƙiyansu, su kuma yi wa masu tsananta musu addu'a (Matiyu 5:44). Istifanas ya yi haka ana cikin jifansa, Shawulu kuwa yana tsaye a wurin, wanda daga baya ya zama manzo Bulus. A watan Disamba 2013 kotun tarayya a Abuja ta yanke wa Kabiru Sokoto ɗaurin rai da rai a shari'ar da ta shafi harin Madalla. Hukunci aikin hukuma ne, kuma daidai ne a nemi adalci. Aikin Ekklesiya shi ne ta roƙi tuba da ceto ga irin waɗannan mutane, ta kuma roƙi ta'aziyya ga gwauraye da marayun da suka bari. Wannan ba ya hana tsaro. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu gadi dare da rana (Nehemiya 4:9).

Kammalawa

Ba sai an tsawaita lokacin sujada ba. Iyali za su iya raba kwanakin mako: Litinin domin fasto da ma'aikatan Ekklesiya, Talata domin maƙwabta, Laraba domin marasa lafiya da waɗanda aka sace, Alhamis domin shugabanni, Jumma'a domin ƙasashen da ake yaƙi, Asabar domin masu ƙin bishara, Lahadi kuma domin godiya. A ba kowane yaro suna ɗaya ya riƙe. A kuma shirya, gama Allah yakan aiki mai roƙo ya zama amsar roƙonsa, ko da mudun masara, ko da ziyara asibiti, ko da gaisuwar ta'aziyya a gidan da ba na mai bi ba.

Allah na salama ya tsare Ekklesiyarsa, ya ba Gauraka da Suleja da dukan Nijeriya zaman lafiya, ya ji ƙan duniyar da ya ba da Ɗansa dominta, ta wurin Yesu Almasihu Ubangiji. Amin.