RIGAR KA'ABA DA ALLON ZAYYANA: SHIN NUNA AIKIN HANNU LAIFI NE?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba ɗan Adam hannu, Ya kuma ba shi basirar sarrafa shi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, zan fara da laifin kaina kafin in taɓa na kowa. A shekarar da na fara koyar da Larabci, wata rana muna cikin darasin nahawu sai na lura da wani yaro a layin baya ya sunkuyar da kai, alƙalaminsa yana ta tafiya, alhali ban ba da abin rubutawa ba. Na je na fizge littafin. Shafi bayan shafi duk zane ne: ƙofar masallacin unguwarsu, da dagi iri-iri, da haruffan Larabci da ya lanƙwasa su suka zama kamar ganye, sa'an nan da fuskar wani ɗan ƙwallo guda ɗaya tak. Ban tsaya na rarrabe ba. Na tsayar da shi a gaban aji, na jero masa hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin sura, na kulle littafin a akwatina. Yaron bai yi musu ba. Tun daga ranar nan ban sake ganin ya ja ko layi ɗaya ba, ni kuwa na tafi gida ina ganin na hana mummunan aiki.

Makka ce ta tayar mini da wannan magana. Allah Ya nufe ni da yin Umra a watan Ramadan na 1444, wato 2023, kuma duk wanda ya tsaya kusa da Ɗakin Allah ya san cewa bayan hawaye sun ɗan tsagaita, abin da ido yake fara kamawa shi ne rigar nan baƙa da rubutun zinari da ya kewaye ta. To, wannan riga ba daga sama ta sauko ba. Mutane ne suke zama a kan kujeru, da allura a hannu, suna bin rubutun da gwanin haɗɗi ya tsara da salon sulusi, suna cusa auduga a ƙarƙashin kowane harafi domin ya taso, sa'an nan su rufe shi da zare. Ƙarnoni masu yawa daga Masar ake kawo ta. A 1927 Sarki Abdul'aziz ya sa aka buɗe mata gidan saƙa a unguwar Ajyad, kuma tun 1977 a Ummul Jud ake yin ta, a cikin Makka. Kowace shekara tana cin ɗaruruwan kilo na siliki da kimanin kilo 120 na zaren da aka yi wa ruwan zinari, kuma tun daga 1444 a daren ɗaya ga Muharram ake sauya ta, maimakon ranar Arfa kamar yadda aka saba a da. Ban taɓa jin wani malami ya kira masu wannan ɗinki 'yan ɓata lokaci ba.

Abin lura a nan shi ne, wannan Ɗaki ɗin ne dai Manzon Allah (S.A.W.) ya tsarkake a shekara ta 8 bayan Hijira, ranar da aka buɗe Makka. An karya gumaka, an goge surorin da suke cikinsa, amma ba a tuɓe masa riga ba, kuma halifofi suka ci gaba da tufatar da shi. Ashe ke nan tun ranar farko an raba tsakanin abin da yake jan zuciya zuwa ga bautar wanin Allah da abin da yake ƙawata wurin bauta. Haka kuma ya zo a cikin Bukhari cewa wani mutum ya sami Abdullahi ɗan Abbas (R.A.) ya gaya masa da yin surori yake ci, sai Ibnu Abbas ya tsoratar da shi har fuskarsa ta sauya, amma bai sallame shi hannu wofi ba, ya nuna masa itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Wato ya toshe masa ƙofa ɗaya, ya buɗe masa fili. Ni kuwa ƙofar na toshe, na haɗa da filin. Maganar hoton kyamara da zanen fuska a kan takarda malamai sun yi saɓani a kanta, kuma ba ni ne zan yanke ta a wannan shafi ba, kowa ya koma ga malaminsa. Amma abin da babu saɓani a kansa yana da faɗin da mutum zai ƙare rayuwarsa bai kai gefensa ba.

Kafin mu bar ƙasar, wani abokin tafiya ya ja ni zuwa filin jirgin saman Jidda, ƙarƙashin manyan rumfunan nan masu kama da tanti inda alhazai suke sauka. A can ne aka yi baje-kolin fasahar Musulunci na farko a wannan shekara, aka sa masa suna Awwalu Baitin, wato Ɗakin Farko, ana nufin Ka'aba. Wadda ta jagoranci tsara shi kuwa 'yar Afirka ta Kudu ce, Sumayya Vally, masaniyar zanen gine-gine. Ayyuka biyu na 'yan ƙasarsu ne suka tsaya mini a rai. Na farko na Igshaan Adams ne, wanda ya karɓi tsofaffin dardumomin salla daga mutanen da ya sani a birnin Kef Taun, ya dubi inda goshi da gwiwa da yatsun ƙafa suka cinye su saboda yawan sujada, ya sake saƙa waɗannan gurabe da duwatsun ado da zare. Na biyu na Haroon Gunn-Salie ne: ɗaruruwan fararen huluna a rataye a sama, babu kai ko ɗaya a cikinsu. Jana'izar Imam Abdullahi Haron yake tunawa, limamin da ya rasu a hannun 'yan sandan gwamnatin wariyar launin fata ranar 27 ga Satumba 1969, bayan kwana 123 a tsare. A lokacin cewa suka yi faɗowa ya yi daga matakala, sai a 2023 kotu ta tabbatar da cewa azabtarwa ce ta kashe shi. Babu fuska a aikin, babu sura, amma na tsaya a ƙarƙashin hulunan nan na ji kamar ina cikin sahu. Da aka sake yin baje-kolin a 2025, cikakkiyar rigar Ka'aba aka kai wurin, karo na farko da aka nuna ta gaba ɗayanta a wajen Makka.

Sai na tuna da kasuwannin da muka zaga muna sayen tsaraba. Hausawa sun daɗe a Makka. Kakanni sun taka da ƙafa ta Barno da Wadai da Sudan, wasu shekaru suka yi a hanya, jikokinsu kuma ga su nan da sunayen Hausawi da Barnawi da Fallata, kuma wanda ya shiga Shara Mansur zai ji Hausa kamar yana Nima ko Sabon Zango. Duk da haka, abin da na cika jakata da shi dardumar Turkiyya ce da carbin Sin da agogon bango mai hoton Harami, kamar kowa. Ban ga allon zayyana ko ɗaya a rataye a wani kanti ba, kuma gaskiya ban nema ba.

Yanzu ga tambayar da nake so mu tattauna. Wani ɗan'uwa mai tsoron Allah zai ce, to mun ji yin ado halal ne, amma tara mutane a ce su zo su ga abin da hannuna ya yi, wannan ba riya ba ce? Amsata ita ce, riya cuta ce da take kama ibada, mutum ya yi abin da na Allah ne domin idon mutane. Sana'a kuwa da gani ake gadonta. Maɗinkin da ya ɓoye aska takwas a ƙarƙashin gado, da shi za a binne ta. Kuma mu daina ɗauka baje-koli baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Idan almajiri ya sauke Alƙur'ani, ba a yi masa zayyana a allo da ja da kore da rawaya ba, ya ɗauka ya bi gidajen dangi ana gani ana sa albarka? Alaramman da ya rubuta Mus'hafi da ka, baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da rawaya, baduku ya ɗinka masa gafaka, ba nunawa ake yi ba? Yara nawa ne suka ƙudura haddar Alƙur'ani saboda allon wani da suka gani ranar walima? Niyyar mai nunawa tana iya ɓaci, haka ne, kamar yadda ta mai wa'azi da mai ƙira'a take iya ɓaci, amma ba mu taɓa cewa a rufe mumbari saboda haka ba.

Akwai wata suka da ta fi wannan nauyi, kuma ita ban da cikakkiyar amsarta. Tsohuwar da goshinta ya cinye darduma, ita ce ta yi shekaru tana sujada, amma sunan wani ne a jikin bango, kuma ɗakin da aka rataye aikin masu kuɗi da masu fasfo ne suka fi shigarsa. Irin wannan nuni yana iya zama kwasar arzikin talaka a kai wa wanda ya ƙoshi, ko da mai aikin bai nufi haka ba. Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin allo daga Omdurman, ya ɗanɗani wani ɓangare na wannan. Ya yi karatun zane a Landan, ya koma gida a 1957 ya baje ayyukansa a Khartum, sai ya ga mutanensa ba su damu da su ba. Maimakon ya zarge su da jahilci, sai ya shiga duba abin da suke ratayewa a ɗakunansu, ya tarar da rubutun Larabci da adon allo, ya koma ya gina aikinsa a kansu. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya baje aikin rayuwarsa gaba ɗaya. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, nunin da mutanen unguwa ba su gane kansu a cikinsa ba, na baƙi ne ko da a tsakar gidansu aka yi shi.

Shi ya sa nake ganin abin da yake wanke baje-koli daga wannan zargi shi ne zauren koyarwa. A nan gida muna da misali. Wasu samarin Nima sun haɗu suka kafa ƙungiya mai suna Nima Muhinmanchi Art, da kalmarmu ta muhimmanci, suka riƙa yi wa bangayen unguwa zane suna zaunar da yara suna koya musu. A Tamale kuma akwai Ibrahim Mahama (mai fasahar nake nufi, ba ɗan kasuwan nan mai irin sunansa ba), wanda ya yi suna a duniya da tsofaffin buhunan koko da gawayi da yake sa a ɗinke a lulluɓe gine-gine da su. Kuɗin da ya samu ya dawo da su gida, ya buɗe cibiyar fasaha ta Savannah a 2019, sa'an nan Red Clay, inda ya ajiye tsofaffin jiragen sama 'yan makaranta suna shiga ciki ana koya musu. Ba zan ɓoye muku ba, a zanen bangon Nima akwai fuskoki, kuma wani zai ƙi su bisa hujja, ba ni kuma da abin cewa a kansa. Amma wanda ya ƙi fuskar, me ya kawo wa yaran a madadinta? Yaron da Allah Ya sa wa wannan baiwa a hannu ba zai daina ba don mun haɗe rai. Ko dai ya mutu a ciki, ko ya tafi inda za a karɓe shi, kuma sau da yawa wurin ba kusa da masallaci yake ba.

A nan ne nake jin tsoron cewa cutarmu ta fi kusa da raini fiye da taƙawa. Muslim ya ruwaito cewa wani sahabi ya ji tsoron kada son tufafi da takalma masu kyau ya zama girman kai, sai Annabi (S.A.W.) ya kwantar masa da hankali game da son kyau, ya bayyana masa cewa girman kai yana cikin ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane. Mu da muka yi 'yar makarantar nizamiyya, muka iya karanta bugun Beirut, yaya muke kallon tsohon da yake zaune a zaure da tawadar gawayi da ƙaro? Wasunmu sun haɗa zayyana da tsibbu sun yi musu kuɗin goro, ba su san cewa da irin wannan hannu ne Alhaji Umaru na Kete Karachi, wanda ya rasu a 1934, da almajiransa suka bar mana abin da yau jami'ar Legon take adanawa ba. Idan rubutun ya fito daga Istanbul sai mu ce Masha Allah mu saya da tsada, idan na maƙwabcinmu ne sai mu tambaye shi ko ya rasa aikin yi.

Da na dawo, na buɗe akwati na ɗauko littafin na mayar wa mai shi, na kuma nemi gafararsa a gaban ajin da na kunyata shi. Na roƙe shi ya rubuta mana Basmala da za mu rataye a saman allon aji. Ya karɓi littafin da hannu biyu, ya ce, "Malam, ai hannun ya manta."

Mun samu wani dattijo alaramma ya yarda zai riƙa zama da yara kowace Asabar bayan La'asar, yana koya musu fiƙe alƙalami da haɗa tawada da fitar da zayyana, kuma muna fatan idan allunan sun taru mu jera su a harabar makaranta iyaye su zo su gani. Mai allo ya zo da allonsa, 'yan'uwa mata kuma an ware musu nasu gefen. Yaron nan ya zo sau biyu. Yana zama a baya yana kallon hannun tsohon, har yanzu dai bai ɗauki alƙalami ba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.