Bikin Maƙera a Damargu: Ina Addini Ya Tsaya?

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Damargu a watan Janairun 1851, ƙasar rumbun Abzin ce. Ayarin Kel Owi na sauka su sayi gero, su wuce Zinder da Kano, kuma duk inda raƙumi ya durƙusa akwai aikin maƙeri: takobi, mashi, kayan sirdi, ga hauyar da ta noma geron kansa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, fataucin Sahara ya karye, zanguna irin su Jajiduna suka koma ƙauyuka, farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa abin da ya rage. Yau babban ƙarfen da ke yankin shi ne matatar SORAZ ta Bakin Birji, wadda aka buɗe a 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana, amma bututunta ba a maƙerar Tanut aka ƙera su ba. Ganin yadda taron Ingal da bikin Iferwan ke jawo baƙi har maƙeran azurfa su yi ciniki, ba abin mamaki ba ne a yi tunanin shirya wa ƙira bikinta a Tanut ko Belbeji. A ganina yin hakan halal ne, sai dai wurin da za a iya yin zunubi ba inda aka fi zato ba ne.

Malami zai fara da cewa idin Musulmi biyu ne. Gaskiya ne, amma taron sana'a ba ibada ba ne, ɗan uwan cin kasuwa ne, kuma asalin al'ada halasci sai in nassi ya hana. Ƙorafinsa na biyu ya fi nauyi: wasan wuta. Maƙeri ya ɗauko jan ƙarfe da hannu ana yi masa kirari, yana cewa asirin gidansu ne. In har da kiran iskoki ko yanka don wanin Allah, babu musu, a bar shi. Amma ƙira ba ta rataya a kan wannan ba. Wanda ya tsaya a bakin maƙera ya ga yaro na danna zugazugi, uban ya ciro guntun sifirin mota da awartaki, ya dubi launinsa kawai ya san lokacin ɗora shi a kan uwar maƙera da lokacin tsoma shi a ruwa, ya ga ilimi tsantsa, ba ya buƙatar laya.

Ainihin matsalar ita ce matsayin maƙerin. A cikin Abzinawa, maƙera, wato inadan, jinsi ne na daban: ana jin tsoron bakinsu, ana aikensu neman aure, amma ba a ba su ƴa. A wasu garuruwan Hausa ma wannan ƙyama ba ta mutu ba, ko da akwai sarautar Sarkin Maƙera. To ina hujja? Alƙur'ani yana da sura guda mai sunan ƙarfe, ya kuma ba da labarin yadda aka tausasa wa Annabi Dawuda shi yana ƙera sulke. Khabbab ɗan Aratti, cikin farkon waɗanda suka musulunta, maƙerin takubba ne a Makka. Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), a gidan maƙeri Abu Saif aka shayar da shi a Madina, Annabi yana shiga gidan da hayaƙinsa ya ɗauki ɗansa. Masu kafa hujja da hadisin da ya kamanta mugun aboki da mai zuga wuta sun manta cewa tartsatsi da wari ake nufi, ba jinin mutum ba. Mai turaren da aka ambata tare da shi ai ba don asalinsa aka yabe shi ba. Saboda haka bikin da zai shimfiɗa takubba a gaban manya a rumfa, a tafa, a ɗauki hoto, sa'annan gobe a hana ɗan mai ƙera su aure, shi ne ya cancanci wa'azi, fiye da kalangun da aka kaɗa.

Akwai kuma mai cewa biki ba ya cika rumbu, kuma kwana uku na kiɗa ba za su dawo da ayari ba. Ba za su dawo da shi ba kam. Ingal ma in taro ya watse sai ta koma yadda take. Amma Damargu tana da abin da maƙeran azurfa na Agadas ba su da shi: su baƙo suke jira, rashin tsaro kuma kan hana shi zuwa, alhali maƙerin baƙin ƙarfe mai sayen kayansa maƙwabcinsa ne. Manomin Gangara da makiyayin Tarka suna buƙatar hauya, gatari da ƙugiyar ciro guga kowace shekara. In aka sa taron bayan kaka, lokacin da manomi ke da gero a hannu, aka zaunar da Sarkin Maƙera da dattawan inadan a sahun gaba tare da limamai, aka buɗe ƙofar koyo ga kowane yaro ko ubansa bai taɓa riƙe masaba ba, to a nan za a karɓi aikin hauyar damina mai zuwa.