Mangwaron Gidan Haya: Na Wane Ne?

Duk wanda ya zaga garuruwan Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa tsakanin watan Maris da Mayu ya san ƙamshin da muke nufi, watau na mangwaron da ya faɗo ya fashe, ƙudaje na shagali a kansa. Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, tun kuma da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, lambuna suka ƙaru, baƙi ma'aikata suka ƙaru tare da su. Da yawa daga cikin mutanenmu, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da katikis, 'yan haya ne a waɗannan garuruwa. Yau suna nan, gobe takardar canjin wurin aiki ta iso.

A bara wani malamin firamare da ke haya kusa da Kwanar Ɗangora ya kawo mana wata magana bayan Misa. A tsakar gidan da ya kama akwai mangwaro biyu da gwaiba guda. Mai gidan yana zaune a birnin Kano, ya kuma aiko da saƙo cewa ɗakuna ya bayar haya, bai ba da itatuwa ba. Malamin ya ce, "To Fada, tun da ba nawa ba ne, me zai sa in kula da su?" Haka aka yi: mai gida bai zo ya tsinka ba, ɗan haya bai taɓa ba, 'ya'yan suka zube suka ruɓe, alhali yaran gidan na kallo. Kowa ya tsare haƙƙinsa, abinci kuwa ya tafi juji.

Kada mu yi saurin zargin mai gida. A al'adar ƙasar Hausa itace na iya zama na wani ko da ƙasar da yake tsaye a kai tana hannun wani. Mutum kan ba da aron gona ko ya jinginar da ita, amma ya riƙe ɗorawarsa da tsamiyarsa. Saboda haka ne ma ba a cika son mai aro ya dasa itace ba, gama itace na daɗewa fiye da yarjejeniyar baki, wata rana jikan mai aron zai nuna shi ya ce ga shaidar gadonsa. Tsoron mai gida yana da tushe. Ikilisiya ma ba ta raina mallaka ba; tun 1891 Paparoma Leo na 13 ya kāre 'yancin mutum ya mallaki abin da ya yi wa gumi.

Amma wannan mallaka tana da iyaka. Babban Taron Batikan na Biyu, wanda aka rufe a 1965, ya tunatar da mu cewa Allah ya nufi albarkar ƙasa domin dukan 'yan adam, kuma mai dukiya wakili ne a kanta. Ikon hana wani abu daban yake da ikon lalatar da shi. Mai gida na da ikon ya ce a tara masa, ko a sayar masa, ko a raba. Abin da ba mu ga yana da shi ba shi ne ikon ya ce a bar abinci ya ruɓe domin kawai a san nasa ne.

Sai dai a ganinmu amsar malamin ta fi nauyi a kan lamiri, domin ita ce ta fi yawa a tsakaninmu. "Ba nawa ba ne" ita ce ke barin magudanar ruwa ta toshe, ta bar katanga ta zube, ta sa a ɗaure akuya a jikin dashen gwanda. Ɗan haya yakan zauna shekara bakwai a gida kamar mai jiran mota a tasha. Annabi Irmiya ya rubuta wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila, mutanen da ba su da ko taku ɗaya na ƙasa a can, ya umarce su su yi lambuna su ci amfaninsu. Bai jira sun sami takardar fili ba. Mangwaron kansa baƙo ne, daga ƙasar Indiya da kewayenta asalinsa yake, kuma mafi yawan waɗanda muke sha a yau waɗanda suka dasa su sun riga mu gidan gaskiya. Idan daga ƙwallo aka shuka, yakan kai shekara biyar ko fiye kafin ya yi 'ya'ya. Mai aure kan yi a uku ko huɗu. Da kowane mai dasawa ya tsaya lissafin ko zai kai lokacin, da babu inuwa a Tudun Wada.

Akwai kuma wani dalili da ya sa ɓarnar nan take damunmu ƙwarai. Mangwaro na nuna ne a lokacin bazara, a yi ta zubar da shi. Bayan wata uku, a tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, yara na fama. Nunannen mangwaro na ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, ya kuma raunana yaro a gaban cututtuka. Ranar da ke ƙona mu a watan Afirilu ita ce kuma maganin. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan: suna kauɗar tumatir, suna shanya kuɓewa, barkono da kuka, suna cura tsamiya ta shekara. Mangwaro ne kawai ba mu saba yi masa haka ba. A zaɓi wanda ya nuna amma bai yi lugub ba, a wanke, a feƙe, a yanka siri-siri, a tsoma cikin ruwan da aka matse lemon tsami domin kada ya yi baƙi, a baza a faifai bisa wani abu mai tsayi, a lulluɓe da tsabtataccen gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. Cikin kwana uku ko huɗu na rana mai ƙarfi zai bushe yana lanƙwasuwa ba ruwa a jikinsa. A zuba a kwalba mai murfi, a ɓoye daga laima. A yi shi kafin ruwan farko ya sauka, in ba haka ba fumfuna za ta riga mu.

Wani zai ce, ashe Ubangiji bai tsauta wa mai arzikin nan da ya rushe rumbunansa ya gina manya ba? Ya tsauta masa, amma a duba maganar mutumin a Bisharar Luka sura 12: daga farko har ƙarshe da ransa kaɗai yake shawara, babu maƙwabci a cikinta. Yusufu ma ya tara hatsi shekara bakwai a Masar, ƙasar da ba tasa ba, aka kuwa ci daga hannunsa. Ubangijin da ya ciyar da dubu biyar shi ne ya sa aka tattara gutsattsarin da suka rage. Tanadi da ɓoyo kan yi kama daga nesa. A watan Agusta ake bambanta su, sa'ad da aka ga ko kwalbar ta ƙetare katanga.

Mun shawarci malamin ya je Kano da kansa, da goro, ya nemi a yi magana a fili: shi zai yi ban ruwa, ya share, ya tsinka, a raba uku, kashi ɗaya na mai gida, ɗaya nasa, ɗaya na unguwa, a kuma rubuta a gaban mai unguwa cewa itatuwan na mai gida ne, har da duk wanda za a dasa. Mai gida ya yarda da rabon, amma ya ƙi batun sabon dashe. Mun yi tsammanin rubutun zai kwantar masa da hankali. Bai kwantar ba. A bana matar malamin da zumuntar mata sun cika kwalba goma sha ɗaya. Shi kuwa an mayar da shi Riruwai, ya tafi da dashen mangwaro biyu a leda, yana neman gidan da za a bar shi ya sa su a ƙasa.