MOTA TAKA CE, TITI NA KOWA NE

Ya kai mai karatu, ga wata tambaya da nake so mu tattauna ni da kai. Mutumin da ya sa guminsa ya sayi mota mai gudu, shin har da 'yancin ƙure malejinta a kan babban titi ya saya? Ko kuwa akwai abin da kuɗin nasa bai kai ya saya ba?

Babu inda wannan tambaya ta fi zama daram kamar ƙasar Amurka, don can ne aka ƙago wasu motoci da suke kira da sunan da ke nufin "masu ƙwanji". Dabarar ƙirarsu ba ta da wuya. A ɗauko ƙaton inji mai silinda 8 irin na manyan motoci, a dasa shi cikin mota matsakaiciya, sannan a sa mata kuɗin da saurayi mai ɗan aikin yi zai iya biya. Yawanci ana cewa Pontiac GTO ta 1964 ce ta buɗe fage. Sauran kamfanoni suka ce ba da su ba a zama 'yan kallo. Zuwa 1970 ga Dodge Charger, ga Plymouth Road Runner, ga Chevrolet Chevelle wadda babban injinta yake da ƙarfin doki 450. Kai jama'a! Dawaki 450 a ƙarƙashin tafin ƙafar mutum ɗaya.

Ni dai ban ga laifin mai sha'awar irin wannan mota ba. Ɗan Adam yana son abu mai kyau, mai ƙarfi. Kuma in ka tambayi mai ita, hujjarsa a shirye take. Zai ce maka, "Malam, kuɗina ne, raina ne, na kuma iya tuƙi. In na mutu ni na jiyo." To, maganar kuɗi gaskiyarsa ce. Maganar rai fa? A nan muka raba hanya da shi, domin ba ransa kaɗai ne a kan kwaltar nan ba.

Mu ɗan yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 160 a awa tana cinye mita 44 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙafa ta bar totur ta koma birki, an riga an shafe wannan tazara ko fiye. Sannan in ka ninka gudu sau 2, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya ninkuwa yake yi sau 4. Wannan lissafi bai san gwani ba, bai san ɗan koyo ba.

Wani zai ce ai motocin baya-bayan nan sun fi na da birki da taya. Haka ne. Amma ƙarfin ma ƙaruwa ya yi, don Dodge Challenger Hellcat ta 2015 ƙarfin doki 707 ta zo da shi. Ka kuma lura, bel ɗin kujera da jakar iskar da ke fitowa daga sitiyari duk na wanda ke ciki ne. Mai tafiya a ƙasa a bakin hanya, ko lebura mai gyaran titi, me aka tanadar masa?

Amurkawa sun ga abin da idonsu. Da ƙasashen Larabawa suka hana su man fetur a 1973, sai Shugaba Nikson ya sa hannu a kan doka a farkon 1974, cewa kada a wuce mil 55 a awa, wato kusan kilomita 89. Don tsimin mai aka yi dokar. Amma mutanen da suka mutu a hatsarin mota sun sauko daga sama da 54,000 a 1973 zuwa kusan 45,000 a 1974. Ba rage gudu kaɗai ya jawo haka ba, don mutane sun rage tafiye-tafiye ma, amma yana da babban kaso a ciki.

Da aka soke wannan doka a 1995, sai jihar Montana ta koma tsarinta na da: da rana babu lambar iyaka ga ƙananan motoci, kowa ya yi gudun da hankali zai ɗauka. A 1996 ɗan sanda ya kama wani mai Camaro yana gudun mil 85. Ɗan sanda ya ce ganganci ne, mai mota ya ce daidai ne. Magana ta kai kotun ƙoli ta jihar, wadda a 1998 ta ce dokar ba ta fayyace wa direba inda laifi ya fara ba. A 1999 aka dawo da lamba, mil 75. Ka ga ke nan hankali kowa da irin nasa, kuma da wuya ka ji direban da zai ce nasa ne ya gaza.

Shi ya sa a ganina lambar da ke kan allon bakin titi alkawari ne tsakanin mutanen da ba su san juna ba. Tsohuwar da za ta shigo titi da 'yar motarta ta hango ka daga nesa, ta auna cewa za ta wuce kafin ka iso. Da me ta yi awon? Da zaton kana riƙe da alkawari. In ka ninka gudun, ka mai da lissafinta ƙarya ba tare da ta sani ba. Caca ka yi, amma da ran wani ka zuba, kuma ba ka nemi izininsa ba.

Kada kuma a ce ai ya sha yi, ba abin da ya faru. Isa gida lafiya ba ya wanke mutum, sa'a ce kawai ya taka. Ran da abin ya auku kuma sai ka ji ana cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. A'a, mu bambanta. Tsautsayi shi ne abin da ya same ka bayan ka kiyaye. Wanda ka taka totur ka je ka tarye shi, sunansa ganganci.

To a jefar da motocin ke nan? Ko kusa. Ai mai ingarma ma ba a hana shi sukuwa ba, cikin kasuwa ne aka ce kada ya yi. Tun 1951 wani mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a Kalifoniya don a janye samari daga tsere a kan titi zuwa filin da aka killace. A can kowa ya zo da yardarsa, ya san abin da ya shiga. Mai ƙwanji ya je can ya nuna ƙwanjinsa, mu tafa masa.

Amma a kan titin jama'a, iya ruwa fidda kai, iya tuƙi kuwa fidda kai da fidda na kusa da kai. Allah ya kiyaye hanya, amin.