Ƙaddara Ba Ta Sauke Amanar Karatu

A Gwandu ko Kalgo, idan aka tambayi uba dalilin da ɗansa kurma ko makaho yake zaune a zaure alhali tsararrakinsa suna aji, sau da yawa amsar ita ce: "Haka Allah ya yi shi." Maganar gaskiya ce, amma hukuncin da aka ɗora a kanta kuskure ne. Yadda aka haifi yaro ƙaddara ce, abin da aka yi masa bayan haihuwa kuwa amana ce da za a tambayi iyaye da malamai a kanta. Farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya zo neman sani lokacin da Manzon Allah (SAW) yake ganawa da manyan Ƙuraishawa. Allah ya gabatar da buƙatarsa a kan tasu. Daga baya ɗan Ummi Maktum ya zama ladan tare da Bilal, har akan bar masa jagorancin Madina idan an fita yaƙi. Garin Gwandu da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai tafsirin Diya'ut Ta'wil, ya zauna ya karantar ya fi cancantar riƙe wannan darasi.

Wani zai ce aji ya cika maƙil, malami bai iya maganar hannu ba, iyaye kuma suna fama da abincin yau. Duk haka ne, kuma shi ya sa hannu ɗaya ba zai ɗauki wannan jinka ba. Uwa ce ta san kunnen da yaron yake ɗan ji da shi, ta san alamar da yake yi idan bai gane ba. Idan ta faɗa wa malami, sai ya zaunar da shi a layin gaba, ya fuskance shi yayin magana don ya bi motsin leɓe, ya turo abin da za a maimaita masa a gida bayan magariba. Wannan ba ya cin ko kwabo. Abin da ke cin kuɗi, kamar na'urar ji da ƙwararren malami, yana wuyan hukuma, domin dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Kwamitin makaranta da mai unguwa da liman su ne bakin da zai nemo wannan haƙƙi.

Iyaye, ku kai yaron makaranta, ku zauna da malaminsa. Malamai, ku saurari iyaye, domin sun riga ku sanin ɗalibin.