Aikin Da Ruwa Ke Yi Da Dare

Suleja gari ne da ke tashi tun kafin assalatu. Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a Disambar 1991, ma'aikatan da kuɗin hayar birnin ya fi ƙarfinsu suka yi ta kwararowa nan, su kwana a Jihar Neja su wuni a ofisoshin tarayya. Duk wanda bai wuce Madalla da Zuba da duku-duku ba, cunkoson motoci zai cinye masa hantsi. Shi ya sa karin kumallo ya zama tsere a gidaje da yawa: ga wankan yara, ga neman safar makaranta, ga maigida yana ta duba agogo, uwargida ita ma da nata wurin aikin da ke jiran ta.

A irin waɗannan gidaje ne kunun ots ya samu gindin zama. Ba hatsinmu ba ne. Ƙasashen sanyi ke noma shi, Kanada da Rasha ne kan gaba, mu kuwa a gwangwanin Quaker muka fara ganin sa, lokacin da ake ɗaukar sa abincin majinyaci ko na masu hali. Yana da wani irin yauƙi da ke rage kitsen da ke taruwa a jini, har a 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin kwalinsa cewa yana taimakawa wajen rage haɗarin ciwon zuciya. Yau za ka same shi a shagunan kasuwar IBB, kusa da madara da suga.

Abokiyar tafiyarsa ita ce tukunyar firesha, mai murfin da ke kullewa da roba, wadda ke fito idan ta ɗau zafi. Garin da ya san darajar tukunya ne wannan, don a nan Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira ashirin, ta shiga cibiyar ginin tukwane a 1954, tun garin yana amsa sunan Abuja. Amma tukunyar firesha dabararta daban. A tukunyar da muka saba, ruwa ba ya wuce maki 100 a ma'aunin zafi komai ƙarfin wuta. Ƙarin wutar tururi kawai yake zama ya tashi sama. Idan aka toshe wa tururin hanya, sai ya danne ruwan, ya hana shi tafasa har sai ya kai wajen maki 120, abinci ya nuna cikin ɗan lokaci. Wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ne ya fara ƙera irinta a 1679, har ƙashi take lausasawa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya yi tashin gwauron zabo, matan da ke lissafin kowane kilo na gas suka ƙara riƙe ta hannu bibbiyu.

Wata 'yar'uwata ma'aikaciyar jinya ce, a nan Suleja take zaune da yaranta. Bayan sallar isha'i, in an gama kwashe kwanuka, sai ta auni kofi ɗaya na ots mai tsakin nan, wanda ba a murje shi ya yi fale-fale ba, ta zuba a ƙaramin kwanon silba, ta ƙara ruwa kofi uku da ɗan gishiri, ta rufe. Da asuba za ka ga ƙwayoyin sun kumbura sun yi fari, ruwan ya yi kauri yana ja a jikin cokali. Ba ta juye shi a tukunyar kai tsaye. Ruwa take zubawa a ƙasa, ta kifa ɗan murfi, ta ɗora kwanon a kai, ta kulle. Daga fiton farko ta ba shi minti uku ko huɗu, ta kashe wuta, ta tafi shirya yara. Kafin ta dawo tukunyar ta huce da kanta. Sai a lokacin take zuba madara, don in an dafa da ita kamawa take yi, ta yayyanka dabino, wani lokaci ta barbaɗa dakakkiyar gyaɗa.

Na ji 'yarta tana ce wa baƙuwa, "Anti, tukunyar Ummanmu minti uku take dafa kunu." Uwar ta ce, "A'a 'yar nan, tun jiya da dare aka ɗora wannan kunun."

Gaskiya ta faɗa, kuma a nan abin lura yake. Tukunya ce ke fito, ita ke da ƙyalli, ita aka kashe wa kuɗi, don haka ita ke kwashe yabo. Alhali ots mai tsaki, in ba a jiƙa shi ba, sai ya ci minti ashirin zuwa talatin a kan wuta ana juyawa. Awa bakwai ko takwas da ya yi a cikin ruwa su suka ratsa ƙwayar har cikinta, wutar safiya ƙarasawa kawai ta yi. Ruwan bai ci gas ba, bai buƙaci a tsaya a kansa ba. Abin da ya nema ɗaya ne: wani ya tuna da gobe tun yau, a lokacin da jiki ya gaji ido na neman barci. A mafi yawan gidaje mace ce wannan mai tunawar, kuma ba kasafai ake ƙirga mata shi a cikin aiki ba. Ina ganin wannan rashin adalci ne, ko da ƙarami ne.

Ba kuma daga waje muka koyi wannan ilimin ba. Mai kokon da ke bakin layi da ƙwaryar ƙosai a gefenta ta riga kowane kamfani sani. Geronta yakan kwana a ruwa, ta wanke, ta kai inji a markaɗa da citta da kanumfari da barkono, ta tace a ƙyalle, ta bar shi ya kwanta har ya yi ɗan tsami. Da safe ba ta ko dafa shi: tafasasshen ruwa take sheƙawa a kan gasarar da ta dama, nan take koko ya yi. Jiƙon da tsamin nan suna rage wani sinadari da ke hana jiki cin moriyar ƙarfen da ke cikin hatsi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, ga shi kuwa muna da shi a mudu, ba sai an yi canjin dala ba. Ba na ƙin ots, amma yakan sosa min rai in ga yaron da ya ɗauka koko abincin marasa shi ne.

Idan na ga yadda muke yi da karatun yaranmu, sai wannan kwanon jiƙo ya faɗo min a rai. Shekara da shekaru ba wanda ke buɗe littafin yaro da dare ya tambaye shi me aka koya yau. Sai jarrabawar WAEC ko JAMB ta rage wata biyu, a tashi haiƙan: lesin safe, lesin yamma, faɗa, gori, har da hana barci. An kulle murfi an ƙara wuta a kan ƙwayar da ba ta ga ruwa ba. Wani yaron yakan haddace ya tsallake, ya manta komai bayan mako guda. Wani kuma yakan tsani littafi har abada, a ce masa daƙiƙi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma rabin awa a kowane dare tun daga firamare ba ya buƙatar kuɗin lesin.

Ita kanta tukunyar ba ta son ganganci. Ots yana kumfa, kamar wake, kumfar kuwa tana iya hawa ta toshe ƙaramin ramin da tururi ke fita. Shi ya sa masu ƙera ta ke gargaɗin kada a cika ta fiye da rabi da irin wannan abinci, shi ya sa kuma dabarar saka kwano a ciki ta fi kwanciyar hankali. Kada a ɗage mata kai don gaggawa, kunu mai zafi zai iya fesowa a fuska. A bar ta ta huce. Kafin a ɗora, a ɗaga murfin a hasken fitila a tabbatar ramin a buɗe yake, roba kuma in ta saki ko ta tsage a canza ta. Wanda kuwa ots ɗinsa irin fale-falen nan ne na gwangwani, wanda an riga an turara shi a masana'anta, ya jiƙa shi da dare ya dumama a ƙaramar tukunya, ya ajiye firesha don ranar wake da ƙafar sa.