Kwana ne ya ƙare, ko mu ne muka makara?



Watan jiya muka sallaci wani bawan Allah a ƙofar masallacin nan namu na Barunde. Ɗan dako ne a Tudun Hatsi, mutumin ƙasar Katsina, ya fi shekara 20 a Gombe. Da yawanmu mun san tarinsa kafin mu san sunansa, don shi ake ji a sahun asuba. Ya sha maganin kemis, ya sha jiƙo, daga baya aka ɗora shi kan maganin tarin fuka wata shida cur. Tari bai tafi ba, sai rama da jini a kaki. Sai da aka yi karo-karo aka ɗauki babban hoton ƙirji da ake kira CT, aka yanki ɗan nama aka gwada, sannan likita ya ce dajin huhu ne, kuma ya riga ya bazu. Bai cika wata biyu ba ya rasu. Allah ya jiƙansa.

A zaman makoki kowa cewa yake kwana ne ya ƙare. Haka ne, ba mai ja. Amma ni ne na riƙe littafin karo-karon, na san sati bakwai muka yi kafin kuɗin hoton nan su haɗu, a jama'ar da ake cinikin miliyoyi kullum. Tun ranar tambaya ɗaya ta hana ni sakat: in ajali a hannun Allah yake, shin sati bakwai ɗin nan suna da hisabi a kanmu ko babu?

Dajin huhu shi ne dajin da ya fi kashe mutane a duniya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna ya kashe kimanin mutum miliyan 1.8 a shekara ɗaya. Mugun halinsa shi ne ba ya nuna kansa da wuri. In an gano shi yana ƙarami, ana iya yanke shi mutum ya ci gaba da rayuwarsa. In ya bazu, sai dai a rage raɗaɗi. Wato bambancin duka a kan lokaci yake.

Dubi yadda wasu ke yi da lokacin nan. A Amurka, wani babban bincike da aka fitar a 2011 kan mutum sama da 53,000 ya nuna yi wa tsofaffin mashaya taba hoton CT tun suna jin kansu garau ya rage mutuwa daga cutar da kashi 20 cikin ɗari. A Ingila, a 2023 gwamnati ta sanar da shirin kiran masu shekara 55 zuwa 74 da suka taɓa shan taba su zo a duba su kyauta, har motoci masu ɗauke da na'urar ake ajiyewa a harabar manyan kantuna. Can hoto ne ke neman mutum. Nan kuwa mutum na tofar da jini, hoton ya gagare shi.

A ƙasarmu akwai ƙarin tarko. Tarin fuka ya yi yawa a Najeriya, alamunsa kuma kusan ɗaya ne da na dajin huhu: tari, rama, jini. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne, alhamdu lillahi. To amma talaka inda kyauta ta tsaya nan yake tsayawa. Ko asusun tallafa wa masu cutar daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, wanda Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe na cikin asibitocin da aka soma da su, da dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza aka fara, huhu ba ya ciki. Mai hali in ya yi tarin wata guda, Abuja zai nufa, ko Alkahira, ko Indiya.

Wani zai ce, "Malam Sakatare, ai masu kuɗin ma mutuwa suke yi." Gaskiya ne. Fitaccen lauyan nan Gani Fawehinmi, musulmi ne, ya je har Landan neman magani, kuma wannan cutar ce ajalinsa ran 5 ga Satumba, 2009. Kuɗi ba sa sayen kwana. Amma suna sayen sani. Wanda ya san ciwonsa da wuri zai gwada magani lokacin da magani ke da amfani. In ma ba a dace ba, zai samu mai rage masa zafi, ya biya bashi, ya bar wasiyya, ya nemi gafarar mutane. Ɗan uwanmu kuwa da sauran ƙarfinsa ya yi ta ɗaukar buhu, yana zaton sauƙi na tafe. Iyalinsa a gida ba su san halin da yake ciki ba sai a ƙarshe.

Malamanmu sun sha ba mu labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya yanke shawarar juyawa da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko ƙaddarar Allah yake gudu. Umar ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce, ya ba shi misali da makiyayin da ya samu gefe mai ciyawa da gefe busasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddara ya kai su, amma mai hankali ya san inda zai kai. Abin da na fahimta shi ne, ƙaddara abin rarrashin zuciya ce bayan an yi iya yi. Ba mayafin rufe sakaci ba ce. Ranar mutuwar mutum ba a hannunmu take ba, ba kuma za a tambaye mu ita ba. Abin da ke aljihunmu a sati bakwai ɗin nan shi za a tambaye mu.

Akwai kuma maganar da na ji da kunnena: "Ai shi ya ja wa kansa, mashayin taba ne." Taba ce babbar sanadin cutar, ba musu, kuma duk mai sha ya daure ya bari. Amma wa ya sayar masa da ita kara-kara shekara da shekaru? A teburanmu ne, alhali dokar taba ta 2015 ta hana sayar da ita kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Ba daidai ba ne mu ci ribar ciwo sannan mu zama alƙalan majinyaci. Kuma cutar na kama wanda bai taɓa kunna sigari ba, har da matanmu.

Mu baƙi ne a garin nan. Wanda danginsa ke Daura ko Maraɗi, sahun da yake salla a ciki su ne danginsa. Don haka kwamiti ya amince da abu uku. Na farko, duk mai tarin da ya wuce sati biyu ya je gwajin tarin fuka, kyauta ne. Na biyu, wanda aka ce ba shi ba ne, ko yana shan magani ba sauƙi, ko yana ganin jini, kada ya yi shiru: ya koma wurin likita, ya kuma sanar da Liman ko ni, za a rufa masa asiri. Na uku, daga yau akwai akwatin gwajin asibiti a bakin ƙofa, don kuɗin su riga ciwon zuwa. Za mu kuma tura mutum biyu hukumar GoHealth su tambayo mana sharuɗɗan shiga.

Kuɗin likkafaninsa kafin azahar suka haɗu, har da saura. Allah ya ba mu ikon yin irin wannan hanzari tun mutum na numfashi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan magabatanmu. Amin.

Sakataren masallaci